Sunan da Jatau Ya Haɗiye

"Ban komawa! Ko Jatau ya ɗauko Talata Mafara kacokan a ka, ban komawa!"

Lantana ta buga taɓarya har gero ya yi tsalle daga turmi. Kwananta tara ke nan a Damri, gidan yayanta Ummaru, yaji na farko cikin shekara talatin da ɗaya na aure. Mijinta Jatau na cikin zaure da ƙaninsa Tukur, sun zo biko.

"Haba Lantana," in ji Ummaru. "Ke da jikoki, a ce kallon waya ya ɗebe miki hankali?"

"Ido ya buɗe min, Yaya."

Ku ji abin da aka yi wa baiwar Allah. Bara ana tsakiyar dashen shinkafa maciji ya sari Jatau a gonarsu ta noman rani. Ita ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta. Ita ta goya shi, ƙaton namiji, har bakin titi. Wata uku yana kwance tana tsaye cikin ruwa, tana buɗe hanyar ruwa tana toshewa, tana korar tsuntsu har muryarta ta dishe. Tukur kuwa sau biyu ya leƙo, ya sha fura, ya shafa gemu.

Shinkafa ta yi kyau, har ƙungiyar manoma ta tara jama'a aka miƙa wa Jatau lasifika. Lantana ta ɗauro sabuwar atamfa ta tsaya bayan mata. Sai ta ga Tukur ya raɗa masa magana a kunne.

"Na gode Allah," in ji Jatau. "Na gode ɗan'uwana Tukur da ya riƙe min gona."

Shi ke nan!

Daga baya ta ji raɗar: wai in ya ambaci mace gaban maza, mijin-ta-ce zai zama har ya mutu. Tun ranar Tukur ke zagaya gonar hannu a baya, yana cewa a tsaga masa rabi.

Da ta haɗiye, kamar yadda ta saba. Amma akwai wani shirin yaƙi na wata ƙasa, an mai da shi Hausa, duk Talata take zuwa kasuwa a tura mata ci gabansa a waya. Jarumi ne da matarsa, baya da baya suke yaƙi, wani boka yana turo musu mayaƙan hayaƙi. 'Yan mata dawakai suke so, da kallon soyayya. Ita wuri ɗaya ya kama ta: an ci yaƙi, sarki ya tambayi wa ya sare kan bokan, jarumin ya ɗaga hannun matarsa ya kira sunanta, dubban maza na ji. Nan take maimaitawa har caji ya ƙare.

Ta jingine taɓarya ta nufi zaure.

Aka gaisa a tsaitsaye. Tukur ya washe baki. "Matarmu! Takobi za mu sai miki ko doki?"

"Ka sai wa kanka kunya, ita ka rasa. Ƙafarka ta taɓa laka, mai shan fura?"

Ta juya ga mijinta. Ya rame. Ranta ya sosu, ta danne.

"Malam, wa ya goya ka?"

"Ke ce..."

"Wa ya riƙe gona?"

"Ke ce. Amma kin sani, ko a ɗaki ban taɓa kiran sunanki ba. Kunya ce, ba raini ba. Haka muka taras."

"Kunya!" Ta tafa hannu. "Ran da na goya ka maza na kallo, zanena na jan laka, kaina ba ɗankwali, ni ban da kunya? Na aje tawa don ranka. Kai ka kasa aje taka don sunana!"

"Uwar gidana, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri ya tsufa tare da ni. Inda aka ɗauke min, nan za a maido min. Gaban maza, ran kasuwa. In ba haka ba, ƙashina na nan Damri."

"Tashi mu tahi," in ji Tukur. "In ka yi wanga abu, ba ka sake zama majalisa."

Jatau ya tashi yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Ran Talata Lantana ta shiga motar Mafara. Ta ce wa Ummaru ci gaban shirinta za ta karɓo, ba don kowa ba.

Rana ta take tsaka, tana ratsa layin masu shinkafa, sai lasifikar mai tallan maganin basir ta yi shiru. Aka yi tari a ciki. Tarin da ta sani shekara talatin da ɗaya.

"Jama'a... ni ne Jatau."

Ya hau kan buhu, gumi na bin hula.

"Na yi ƙarya gabanku. Tukur bai riƙe min gona ba. Wadda ta goya ni, ta noma shinkafar da kuka yaba... matata ce. La... Lantana!"

Kasuwa ta ɗauka. Wasu na dariya, wani ya yi ihu, "Mijin-ta-ce!" Masu tallan fura suka saki guɗa. Tukur ya sulale ta bayan rumfa, ko takalmi bai saka daidai ba.

Lantana ta ratsa mutane har gaban buhun, idonta ya cika, fuskar nan a ɗaure.

"Lasifikar na shaƙewa, Malam. Ban ji ba."

Ya dube ta. Ya aje lasifikar.

"Lantana," ya ce a hankali. "Lantanata. Dawo gida."

Ta share ido da bakin mayafi, ta sauke ƙunshin kayanta, wanda tun asuba ta ɗaure ta ce wa Ummaru wanki ne.

"Sauko kar ka faɗi, ban iya sake goyonka. Ungo, ɗauki. Yau kai ka ɗaukar kaya."