Kujera Biyu

"Zaɓi kala, Badi'ata. Ja ko baƙa?"

Muhsin ya tura mata hoton a kan tebur. Suna zaune a buro, wato ofishin Alhaji Tanimun, dillalin da ke yi wa mutane odar motoci a bakin babban titin Konni. Saura wata huɗu bikinsu.

Badi'a ta duba. Mota ce gajera mai sheƙi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa.

"Alhaji, ina ƙofar baya?"

Dillalin ya kwashe da dariya. "Ɗiyata, wagga ta gudu ce! Ƙofa biyu, kujera biyu. Ango da amarya, sai Allah na ukunsu."

"Tana shiga hanyar Bazaga?"

"Cikin rairayi? Ko kusa! Inda kwalta ta ƙare, nan ita ma ta ƙare."

Badi'a ta ajiye hoton.

Shekara biyu ke nan mahaifinta, Baba Munkaila, yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Kowace Alhamis Muhsin kan bar rumfarsa ta albasa, ya je Bazaga, ƙauyen su Badi'a, da tsohuwar motarsa mai tsayi. A kwantar da Baba a baya, kansa a cinyar Badi'a, har asibitin Konni. A wannan hanyar suka fara son juna.

"Masoyi... ina tsohuwar?"

Muhsin ya sunkuyar da kai.

"Ta shiga cikin cinikin," in ji Alhaji. "Tun jiya ta tsallaka boda."

"To a fasa, Alhaji, don Allah!"

"Ya sa hannu, oda ta tafi kamfani. Ko ni ba ni iya taɓa ta yanzu."

"Don ke na yi!" Muhsin ya ce. "Na so in kai ki gida cikin abin da Konni ba ta taɓa gani ba..."

"Na sani. Ka ƙirga ni, ka ƙirga kanka. Baba ne ka manta."

"Zan riƙa ɗauko masa haya!"

"Wa ka ga ya yarda ya shiga rairayinmu? Kai kaɗai ne."



Motar ta iso bayan wata uku, baƙa, don Badi'a ba ta zaɓa ba. A lokacin ta riga ta roƙi a ɗage bikin, ba ta kuma sa wata rana ba.

Ranar Alhamis Muhsin ya tsaya inda kwalta ta ƙare. Can sai ga amalanken jaki, maƙwabcinsu Nasiru na kora. Baba na kwance a kan tabarma, Badi'a ta kare masa rana da mayafinta.

"Baba, bari in ɗauke ka!"

"Ba ya iya zama," ta ce a hankali. "Ka sani."

Tsohon ya juyo da ƙyar, ya daɗe yana kallon motar.

"Ta yi kyau, ɗana. Allah sa alheri."

Nasiru ya daki jakin, amalanken ya hau titi.

Muhsin ya shiga mota ya bi bayansu, daidai tafiyar jaki, manyan motoci na danna masa oda suna wucewa. Hawaye na sauka a kan sabon sitiyarin. Har ƙofar asibiti, sau ɗaya Badi'a ta waiwayo.