Ragowar Akushin Jalo

A unguwar Bagadaza ta garin Gombe akwai wani kango da har yau ba wanda ya yarda ya saya. In ka leƙa za ka ga ɗaki ɗaya da bangonsa ya buɗe daga sama har ƙasa. Ba ruwan sama ne ya ci shi ba, mutane ne suka sa diga suka fasa. Gidan Jalo mai kemis ke nan, kuma tsofaffin unguwa ba sa son a tambaye su dalili.

A shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, garin Gombe ya yi ƙiba. Akawun da jiya yake kamar sillen kara, yau ya ajiye tumbi. 'Yan kwangila suka daina taka ƙasa, daga Fijo sai kujera, daga kujera sai kaji da man shanu. Da fari ana cewa alamar hutu ce. Sai da hawan jini ya kayar da mutum biyu a mako ɗaya, sannan manya suka fara shafa ciki suna tsaki.

Shi kuwa Jalo ambaliyar nan ba ta jiƙa shi ba. Yana nan a ɗan tsukukun kantinsa cikin Kasuwar Gombe, yana sayar da maganin tari da man zafi, yana kallon sa'o'insa suna wucewa a mota. Hassada tana cin sa kamar gara.

Wata Talata Alhaji Bamanga ɗan kwangila ya shigo kantin yana haki. Ya tarar da Sista Elizabet, wata nas 'yar Kaltungo, tana sayen bandeji.

"Yauwa, Sista! Ku da kuka yi boko, ba wata ƙwaya da mutum zai haɗiya wannan kaya ya sauka?"

"Alhaji, ba ka bukatar ƙwaya. Malmala nawa kake ci?"

"Huɗu. In miyar ta yi daɗi, biyar."

"Mai da su biyu. Ka bar mota a gida ka taka zuwa masallaci. Bayan wata shida ka zo ka ba ni labari."

"Wata shida! In yi ta yawo a ƙafa a ce na karye?" Bamanga ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Wallahi duk wanda ya ba ni maganin da zan ci son raina tumbin ya tafi, ya faɗi abin da yake so."

Sista ta girgiza kai ta fita. Maganar nan ta Bamanga kuwa ta shiga kunnen Jalo ta ƙi fita. Ya gwada haɗa filasko da tsamiya, abin da ya samu shi ne zagin wani dillali da ya yini biyu yana zarya bayan gida. Daga nan ne aka raɗa masa sunan Jaji, wani tsohon mai awon auduga da ya bar gari ya tare a cikin wani kwari, kuma aka ce wanda ya je wurinsa ba ya dawowa hannu rabbana.

Da rana tsaka Jalo ya gangara kwarin. Ba kukan tsuntsu, ba ko ƙuda. Can ƙarshe ya ga wani tsohon rumbu da aka huda wa ƙofa, warin ƙonannen kitse yana fitowa daga ciki. Ƙafarsa ta ce ya koma, kwaɗayi ya ce ya shiga. Ya sunkuya ya shiga.

Wani tsohon sikelin auduga ne rataye a tsakiya. A gefe ɗaya akwai baƙin akushi yana naso, ɗaya gefen kuwa ba komai, amma sikelin a daidai yake tsaye. A jikin bango an ja igiya, an zura mata zobba da awarwaro da agoguna, irin abubuwan da suke zamewa daga hannun da ya rame. Ƙarƙashinsu Jaji yana zaune, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

"Ka zo neman abin da zai ci naman mutane," in ji Jaji.

"A'a Baba, maganin ƙiba nake nema."

"Duk ɗaya ne. Yaro, shekara ashirin na yi ina awo. In wannan gefe ya tashi, wancan ya sauka. Nama ba ya ɓata, wuri yake sakewa. Ka yarda?"

Jalo ya ce, "Na yarda."

Jaji ya kama hannunsa na dama, ya tsaga ɗan yatsan da ake lasar miya da shi, ya ɗiga jinin cikin akushi. Jinin bai kwanta ba. Itacen ya shanye shi, Jalo ya ji ƙarar haɗiya ƙwat, kamar daga maƙogwaron mutum. Sikelin ya motsa shi kaɗai. Tsohon ya sa wuƙa ya kankaro wani baƙin gari daga cikin akushin, ya miƙa wa Jalo garin da akushin.

"Wannan za ka ba su. Kullum ka kankara, ba ya ƙarewa. Amma daga yau a cikinsa za ka ci abinci, kai kaɗai. Ko yaya ka yi ba za ka cinye ba, loma ɗaya za ta rage. Rabonsa ke nan. Ka tona rami ka binne. Duk wanda ya ci ragowarka ya shiga akushi."

"Ni fa, Baba? Ni ba zai ci ni ba?"

Jaji ya washe dasashi. "Kai ludayi ne. Ka taɓa ganin an cinye ludayi?"

"To me zan biya?"

"Ni ba na karɓa. Akwai mai karɓa."

Jalo ya ɗura garin cikin kafso ja da rawaya, ya raɗa masa suna Sauke-Kaya, ya ce daga Ingila aka kawo. Bamanga ne ya fara sha. Cikin mako uku ya kai rigunansa wurin tela a rage, alhali yana cin kaza biyu a zama ɗaya. Shi ke nan, tallan ya yi kansa. Daga Bauchi ake zuwa, daga Jos, har da masu biyo jirgin ƙasa. Kafin shekara ta zagayo Jalo ya rushe gidan ƙasa ya yi na siminti, ya sauke farali, ya sayi Marsandi. Wanda jiya ake ce wa "kai mai kemis" ya zama ranka ya daɗe.

Sista Elizabet kaɗai ta tare shi a bakin kanti. "Alhaji, me ke cikin kafson nan? Mutum uku na gani a asibiti. Sun daina sha, amma ramar ba ta tsaya ba."

"Sista, in maganinku na tafiya a ƙafa yana aiki, me ya hana su zuwa wurinki?"

"Yana aiki, sauri ne ba ya yi. Ka ji tsoron Allah."

A gida ma an ga canji. Jalo ya daina fitar da tuwonsa ƙofar gida a ci da maƙwabta, har aka fara cewa arziki ya koya masa rowa. Matarsa Asta takan zuba masa a baƙin akushin nan, ya kulle ɗaki. Bayan Asta, mutum biyu ne a gidan: mahaifiyarsa Iya, da 'yarsa tilo, Yelwa, mai shekara tara. 'Yar fari ce, don haka a ɗakin Iya ta tashi, kuma saboda kunya irin ta Fulani Jalo bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" yake ce mata, ko "'yar Iya". Amma duk duniya ba abin da yake so kamarta. In ya sayo alewa sai ya ajiye a kan gadon Iya ya fita kamar ba shi ba.

Iya ta daɗe tana ganinsa ta taga yana binne tuwo a bayan ɗaki, abin yana sosa mata rai. A gidan da ta tashi ba a zubar da abinci, kuma ragowar maigida ta yara ce.

Ranar wata Alhamis da azahar, Jalo yana kan lomar ƙarshe sai aka danna hon a waje, aka ce wani babban mutum ne daga Kano. Ya rufe akushin da faifai ya fita da sauri, ya bar ƙofa a buɗe. Iya ta dogara sandarta ta shiga.

"Abinci a rami kamar mushe? Zo nan, ƙawata. Ragowar uba albarka ce."

Ta raba lomar biyu, ta ba Yelwa rabi, ta ci rabi.

Da Jalo ya dawo ya ɗaga faifan, sai ya ga akushin tas kamar an wanke. Ya jiyo Yelwa a tsakar gida tana tsalle tana waƙa. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Kwana goma sha tara Iya ta yi ta rasu. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna salati, suka ce fata ce kawai a kan ƙashi.

Yelwa kuwa sai ci. Ta ci tuwo, ta sha fura, ta ce a ƙara, amma kullum kamar ana fere ta. Kumatun suka faɗa, idanun suka yi zuru-zuru. Asta ba ta sauke tukunya daga safe har yamma. Sista Elizabet ta zo ta duba, ta kai ta asibiti aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Ranar da awarwaron yarinyar ya zame daga hannunta ya faɗi ƙasa, Jalo ya ɗauka ya sa a aljihu ya nufi kwari.

Yana shiga rumbun ya ga zoben Iya a jikin igiya. Kusa da shi ga awarwaron Yelwa. Ya laluba aljihunsa, ba komai.

"Baba, ka cece ni! Ɗauki gidan, ɗauki motar!"

"Ba ya cin siminti."

"Kuskure ne, tsohuwa ce ba ta sani ba!"

"Akushi bai san kuskure ba. Hanya ɗaya ce. Ka fasa shi tun tana numfashi, zai sake ta. Amma duk awon da ya ɗauka daga jikin mutane zai koma kan ludayi."

"Duka?"

"Duka."

Jalo ya tuna layin mutanen da suka sha Sauke-Kaya, ɗari bisa ɗari. Ya ce, "Zan rayu?"

"Za ka rayu. Abin tsoron ke nan."

Ya dawo gida ya ɗauki taɓarya ya kulle ɗaki. Ya ɗaga ta sama. Sai ya dubi hannuwansa, ya dubi rigarsa ta shadda, ya jiyo motoci suna tsayawa a ƙofar gida. Zuciya ta ce masa ai yarinyar ta sha kunu yau, wataƙila sauƙi ne ya zo, a bari zuwa gobe. Ya ajiye taɓaryar. Kashegari ma ya ɗaga ya ajiye, har ya kankari gari ya sallami baƙi. Da yamma Yelwa ta ce da shi a hankali, "Baba, ina ci amma yunwa nake ji." Ya kasa dubanta, ya ce gobe in Allah ya yarda za ta warke.

A rana ta uku da hantsi, yana tsaye da taɓarya a hannu yana ta shawara da kansa, sai ya ji Asta ta kurma ihu.

Nan ne ya sauke taɓaryar da dukan ƙarfinsa. Akushin ya dare biyu, wani baƙin mai ya malalo yana tururi. Nan take ya ji nauyi ya sauko masa. Zoben hannunsa ya nutse cikin nama. Wuyan riga ya shaƙe shi, ɗinkin ya ɓarke. Cinyoyinsa suka haɗe, cikinsa ya zubo har gwiwa, kuma abin bai tsaya ba.

Bayan azahar aka fito da Yelwa. Ba a ma nemi makara ba, liman shi kaɗai ya ɗauko ta a hannu kamar ƙullin auduga. Jalo ya ja jiki ya nufi ƙofar ɗaki don ya raka 'yarsa. Kafaɗa ɗaya ta fita, sauran jikin ya ƙi. Ya yi ta turawa har fatarsa ta saɓule a jikin katako. Yana nan a maƙale ya ji an yi kabbara ta farko a waje, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Da ya ji sawun mutane yana nisa, sai ya buɗe baki ya kira sunan da shekara tara kunya ta hana shi faɗa.

"Yelwa! Yelwa!"

Duk Bagadaza an ji, amma ba wanda ya waiwayo.

Asta ba ta sake dawowa hayyacinta ba. Ta yi shekaru tana yawo a kasuwa da malmalar tuwo a hannu, duk yarinyar da ta gani sai ta bi ta tana cewa, "Ci mana, 'yar nan, ci." Bamanga da wasu da dama fasa akushin bai riske su ba, ramar ta riga ta kai su kabari. Shi kuwa Jalo wata goma sha ɗaya ya yi a ɗakin nan, ba ya iya juyawa, ana miƙa masa ruwa ta taga. Ranar da ya mutu sai da aka fasa bango, aka kawo amalanken shanu.

Akwai wani malamin makaranta, Malam Hamman, da ya ji shawarar Sista Elizabet tun farko. Ya rage malmala, ya jingine babur, aka yi ta yi masa dariya. Wata takwas ya ɗauka kafin wandonsa ya yi masa yawa, kuma ya ga 'ya'yan jikokinsa.

To, mai son ya ci son ransa a ce ƙwaya ta ɗauke masa nauyi, da mai son ya kwana talaka ya tashi attajiri, duk layi ɗaya suke bi, kuma wurin masu akushi yake ƙarewa. In wani ya ce zai ba ka abu ba wahala, tambaye shi wa zai biya. In ya ce ba kai ba ne, to ka juya ka dubi 'ya'yanka.