Fuskar Fatihu, Hannun Ɗelu

A jirgin ƙasan cikin gari na LRT da ya taso daga Taman Melati Muhyiddeen ya fara ganin Kamila, tana tsaye tana maimaita wasu kalmomi cikin yaren da bai taɓa ji ba. Jirgin ya yi girgiza, wayarsa ta suɓuce ta faɗi a ƙafarta. Ta ɗauka, ta kalli tsohon hoton da ke fuskar wayar, sannan ta kalli Muhyiddeen.

"Clavado," ta ce.

"Zagi ne ko addu'a?" ya tambaya da Hausa, don atamfarta ta riga ta tona mata asiri.

Ta yi dariya. "Sifaniyanci nake karantawa. Haka suke cewa idan ɗa ya ɗebo ubansa sak, wai kamar an kafa masa fuskar da ƙusa. Babanka ne?"

"Shi ne. Ta gefensa kuma Innata ce, Ɗelu."

Ranar bawan Allah ya wuce tasharsa yana sane. Daga nan saƙonni suka kankama.

"Malamata, me aka koya yau? Ni dai na gano shayin rumfar mamak ba ya daɗi idan ba kya wurin."

"Ɗalibina, yau mun yi salió a su madre, wato ya biyo halin uwarsa. Kai wa ka biyo?"

"Ki aure ni ki gani lah, in ji mutanen garin nan."

Matsalar ta ɓullo ranar da ya je Sentul gaida mahaifinta, Dakta Hussaini, malamin jami'a. Dakta ya ƙura masa ido har shayin hannunsa ya huce.

"Kai ɗan Fatihu ne na Funtuwa?"

"Ni ne, Baba."

"Na san ubanka. A gabana ya kifar da tiren abinci a kan baƙi don miya ta yi gishiri. Ba zan ba wannan fuskar 'yata ba."

Kamila ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta, Hajiya Mero, ta san Ɗelu tun suna makarantar kwana, amma ita ma fuskar ta ba ta tsoro. Dakta kuwa ya fara yabon wani ɗalibinsa Nasir a kowane cin abinci, har da yadda yake sallama.

"Hasken idona, kada ki yi wa Baba musu," Muhyiddeen ya rubuto mata. "Fuskar nan ba ni na zaɓe ta ba, amma ba zan guje ki saboda ita ba."

A walimar Sallah ta 'yan Najeriya a Kampung Baru, Muhyiddeen ya durƙusa ya gaida Dakta. Dakta ya juya ga abokansa.

"Ku janye farantanku, ga ɗan Fatihu nan."

Aka kwashe da dariya, ta Nasir ta fi ta kowa. Fuskar Muhyiddeen ta haɗe, jijiyar goshinsa ta miƙe, irin ta ubansa ba ragi. Ya tashi tsaye. Wani dattijo ma da gaske ya ja farantinsa baya.

Sai ya naɗe hannun rigarsa ta Sallah, ya nufi bayan zaure inda aka tara tukwanen girki.

Hajiya Mero ta bi shi ta leƙa. Ta same shi ya kifa ƙatuwar tukunyar shinkafa yana dirzar gindinta, ya ciji leɓensa na ƙasa. Ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

"Dakta, zo ka gani. Wallahi Ɗelu ce. Duk ranar da aka ɓata mata rai a makaranta, tukwanen kicin ne ke shan wahala, kuma daga gindi take farawa, da wannan cizon leɓen. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba."

Kamila da ke bayansu ta ce a hankali, "Salió a su madre, Abba. Uwarsa ya biyo."

Dakta ya daɗe yana kallon saurayin da kumfa ta ɓata wa shadda. Kunya ta kama shi sosai.

"Muhyiddeen, ajiye tukunyar nan. Ka turo min manyanka."

"To Baba. Bari in ƙarasa, ban gama hucewa ba."

Wannan karon dariyar Dakta ce ta fi ta kowa.

Bayan sun kammala karatu aka ɗaura aure, Ɗelu ta zo daga Funtuwa da kanta. Ta rungumi Kamila ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata, ya ba ku masu albarka. In kin ga ya nufi kicin, ki ƙyale shi, riba ce gare ki."

Aka ci aka sha, tukwane suka taru jibgi a bayan zaure. Hajiya Mero ta sa wa uwar ango da ɗanta ido har taro ya watse. A cikin su biyun babu wanda ya wanke ko da cokali.