Goro Sittin

A rumfar goron babanta, kusa da tashar motar Race Course, Munkaila tela ya fara ganin Adizatu tana rubutu da gawayi a jikin buhu: 1, 2, 2, 3, 2, 4, 2, 4, 3, 4, 2, 6. Goro biyu ya zo saye, sai ga shi tsaye har la'asar.

Ta ce ƙirga take hanya nawa kowace lamba ke rabuwa daidai ba saura. Goro shida na rabuwa ga mutum ɗaya, biyu, uku ko shida, hanya huɗu ke nan. Bakwai kuwa marowaciya ce, hanya biyu kacal. Bawan Allah ya kamu, har allin ɗinkinsa ya ƙare a bangon shago.

Da Munkaila ya nemi aurenta, babanta, Alhaji Dramani, ya ce sam, ga Mamudu mai lori yana nema. Adizatu ta kafe, dole Alhaji ya kafa sharaɗi. 'Yan'uwansa shida sun taɓa shekara ba sa gaisawa saboda goro ɗaya da ya ragu a wani aure, don haka wanda goronsa ya rabu daidai tsakanin 'yan'uwan nasa da suka zo ranar kawo goro, shi ne ango. Ba wanda ya san nawa za su zo.

Ta aika wa Munkaila takarda: “Telana, kada ka yi gasar yawa. Duba bangonka, wace lamba ce ta fara kai hanya goma sha biyu? Kai nake so, ba wani.”

Ya amsa: “Farin gorona, na gano ta. Ko za a yi mini dariya, ita zan kawo.”

An kuwa yi dariyar. Mamudu ya kawo ɗari cif kamar yadda aka saba, tela ya ajiye sittin, mata suna zunɗe.

Uku cikin 'yan'uwan Alhaji suka fara zuwa. Goron Mamudu ya bar ɗaya a tsakar tabarma, tsofaffi suna hararar juna. Na Munkaila ashirin-ashirin. Sai ga sauran ukun sun shigo, Mamudu ya roƙi a sake. Nasa ya bar huɗu, na tela goma-goma.

Alhaji ya tambayi tela wa ya koya masa.

“'Yarka, Baba.”

Idon tsohon ya ciko da ƙwalla. “Ashe ta fi ni sanin yadda ake haɗa gida. Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka.”

Bayan Sallah aka ɗaura aure, kawunnan shida a tabarma ɗaya suna amin.