Baturkiyar da Ba Ta Taɓa Zuwa Turkiyya Ba

Ranar da Bahram ya zo sarin duwatsun zobe a shagon maƙwabcinmu Usta Kudrat a nan Nishapur ta Iran, ina ƙofar gida, wai tsintar shinkafa nake. Firuza, 'yar Usta, ta kawo wa babanta shayi. Bahram ya kalle ta har ya manta abin da ya kawo shi.

A Mashhad yake sayar wa baƙi zobba, Turanci ya kama bakinsa. Rannan ya turo mata saƙo:

"Barka da asuba, Turkwaz tawa. Ke kaɗai nake gani."

Mahtab, 'yar gwaggonta da ta daɗe tana ƙyalla masa ido, ta leƙa wayar.

"Kin san ma'anarsa? Baturkiya. Saƙon wata ne ya ɓato hanya."

Firuza ta rubuta masa: "Ka gaishe ta. Kada ka sake kirana."

Washegari sai ga shi a shago, yana gumi.

"Usta, wallahi babu wata. Sunan firuza ne da Turanci, shuɗin dutsen nan da kake gogewa. Ta ƙasar Turkawa fatake suka kai shi Turai, sai Faransawa suka kira shi na Turkawa, Turawan Ingila suka ara."

Kaico, da ma ya yi shiru.

"Na Turkawa?" Usta ya ajiye dutsen da yake gogewa. "Kakana ya bar yatsu biyu a ramin haƙarsa a tsaunin can. Sun ba masu wucewa sunan, kai kuma ka ɗauko ka liƙa wa 'yata. Fita."

Firuza na bayan labule, ta ƙi leƙowa.

Bayan mako Bahram ya turo mata hoton allon shagonsa. Ya kankare Turkwaz, ya rubuta Firuza ta Nishapur.

"Hasken idona, baƙi sun dame ni, wai wace ce Firuza. Me zan ce?"

"Ka ce matarka ce, sakarai. In Baba ya huce."

Ni na kai wa Usta wayar Firuza, ba a aike ni ba. Ya daɗe yana hararar hoton.

"Rubutun ya yi ƙanƙanta," ya ce. "Ya ƙara masa girma, sannan ya turo manyansa."

An ɗaura aure da bazara, shuɗin zobe a yatsanta. Mahtab ta ce ciwon kai ya hana ta zuwa, ni na cinye rabonta. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'yan da za a kira da sunansu na gaskiya.