Numfashin Bayan Ƙofa

Ranar da Auta ta fara aiki a kamfanin fassara finafinai, ta tarar da wani saurayi a ɗakin haɗa sauti, ya dafe abin sauraro a kunne, idonsa a rufe. A allon gabansa wani mutum ne tsaye gaban ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ana ƙwanƙwasa ta daga ciki.

Ta yi sallama har sau biyu. Ya zabura, kujerarsa ta kusa kifewa.

"Subhanallahi! Mutum ce ko aljana?"

"Mai fassara ce," ta ce tana danne dariya.

Shi ne Mai Sauti. Fim ɗin da aka haɗa su a kansa na ban tsoro ne: matar wani mutum ta ɓace, kullum ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ƙasan gidansa, shi kuma ya ƙi buɗewa har fim ya ƙare. Kalmar mutumin ta ƙarshe a harshen fim ɗin tana ɗaukar ma'ana biyu, ko "ta tafi" ko "ta rasu". Dole Auta ta zaɓi ɗaya.

"Ta rasu mana," ta ce. "Fatalwarta ce ke bugawa. Ba ka ga ba ta da inuwa a hoton bikinsu ba?"

"Fitila ce ta haske wurin. Matar nan da ranta, tsoro ne ya hana shi buɗewa."

Sati uku suna wannan musu. Ta sa masa suna Sarkin Gardama, shi kuma yake ce mata Fitilata. Tun suna yi a ofis har ya koma waya, kuma a hankali zancen fim ya fara raguwa a saƙonnin.

Manajan kamfanin bai ji daɗin haka ba, don shi ma ya nuna yana sonta, ta ce ya yi haƙuri. Wata rana ta bar wayarta a caji a ofishinsa, saƙo ya faɗo a fuskar wayar. Ya ɗauki hotonsa, da yamma ya nufi shagon mahaifinta, wanda tsohon kafinta ne, ya tura masa hoton.

Da ta koma gida ta tarar da Abba a falo, ko ƙurar katako bai kakkaɓe daga rigarsa ba. Ya miƙo mata wayarsa.

"Karanta. Da ƙarfi."

Ta karanta:

"Fitilata, matar ba ta mutu ba. Tana ɗakin ƙasa a kulle, na ji numfashinta da kunnena. Kar ki faɗa wa kowa tukuna, musamman Manaja."

"Wannan ne wanda kika ce zai turo manyansa?"

"Abba, wallahi fim ne..."

"Fim! Mutum ya kulle matarsa, ya ce ki rufa masa asiri, ki ce min fim? Ba ni wayarki. Aikin ma kin gama shi. Gobe kuma zan kai maganar wurin 'yan sanda."

Umma ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Auta ta shige ɗaki tana kuka. Da ta samu sarari ta ari wayar Umma ta rubuta:

"Sarkin Gardama, Abba ya ga saƙonka, ya ɗauka matarka ce ka kulle. Ya ce gobe sai wurin 'yan sanda. Don Allah kar ka zo, ransa a ɓace yake."

Amsa ta zo nan take:

"Ki daina kuka, Fitilata. Gara ya zage ni ido da ido. Ina zuwa da safe."

Da hantsi ya iso da kwamfuta a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Abba. Abba bai amsa ba, bai kuma ce ya tashi ba. Auta na bayan labule, ta riƙe hannun Umma gam.

"Abba, ban taɓa aure ba. Ka ba ni minti goma. In ba ka gamsu ba, ni da kaina zan bi ka ofishin 'yan sanda."

Abba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya sa tabarau.

Ƙofar ta bayyana a allo. Bugu uku. Mai Sauti ya ƙure ƙara, sai ga wani siririn numfashi yana fita a bayan bugun. Umma ta ce "A'uzubillahi" ba ta san ta faɗa ba.

"Shi ne na ji," in ji Mai Sauti. "Manaja ya ce in goge, wai hayaniya ce. Na so in tabbatar numfashi ne kafin ya sani."

Abba ya gyara zaman tabarau. Ya matso da fuskarsa dab da allon.

"Mayar da shi baya. Tsaya nan." Ya nuna da yatsa. "Ku biyun nan, sati nawa kuna kallon ƙofar nan?"

"Uku, Abba."

"Ba wanda ya duba sakata? Ina take a gefen mutumin? Babu. Ƙusoshinta ne kawai suka ɓullo. Sakatar tana can ciki. Ba shi ya kulle ta ba, ita ta kulle kanta. Shekara arba'in ina kafa ƙofofi."

Auta ta manta da ɓuya, ta leƙo. "To Abba, me ya sa take bugawa?"

"Wa ya ce ita ke bugawa? Wataƙila abin da ta gudar wa yana ciki tare da ita."

Abba ya cire tabarau, ya juyo kan Mai Sauti.

"Ba a gama ba. Da kai ne mutumin nan, ba ka san ko matarka ce a ciki ko wani abu ba, ya za ka yi?"

Mai Sauti ya ce, "Zan ji tsoro, Abba, ba zan ɓoye maka ba. Amma zan ɓalle ƙofar. In ita ce fa?"

Abba ya nuna masa wurin zama.

"Tashi ka zauna a kujera," ya ce. "Auta, kawo wa baƙo ruwa. Shi kuma Manajan naku, ku ce ina nemansa."

Manaja bai zo ba. Da mai kamfanin ya ji abin da ya yi, ya sallame shi. Auta ta rubuta "ta tafi" a fassarar, ta bar wa masu kallo sauran.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Abba ya kira ango gefe ya kama hannunsa.

"Yarinyar nan baki ne da ita, amma zuciyarta ba ta da ƙwari. In ta yi shiru, ka tambaye ta."

"In sha Allahu, Abba."

Sai ya dafa kan Auta. "Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya amsa da amin. Auta ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan hannun mijinta.