Sabon Katako a Kan Ruɓaɓɓe

Da yammacin Asabar aka kira Insfekta Maureen Ogden zuwa filin masu hutu da ke bakin teku a Yorkshire. An fito da gawar Malcolm Thwaite, tsohon direban bas, daga cikin karaban ɗinsa, ɗakin kwanan nan mai taya da ake ja da mota. Hayaƙin hitar gas ne ya kashe shi yana barcin rana.

Matarsa Brenda na tsaye, ko hawaye babu, sai huci.

"Kifi da dankali na je sayo mana," in ji ta. "Fitarmu ta farko ke nan da tsinannen abin nan!"

"Wa ya duba muku kafin ku saya?" in ji Insfekta.

"Terry namu, ƙanena. Mu ba mu san kan abin ba, shi ya sani. Ya ce a shinshina ko akwai warin danshi, a taka ƙasa, a kunna hita. Duk shi ya yi, ya ce garau yake."

Insfekta ta shiga ta yaye kafet. Sabon katako ne aka buga a kan ruɓaɓɓe. Da ta leƙa ta ƙarƙashi, sai ta ga ya toshe ramin da hayaƙin hita ke fita. Ta miƙe ranta a ɓace.

Washegari ta dira gonar Gavin Roper, wanda ya sayar musu da karaban ɗin.

"Nawa ne shekara da shekaru," in ji shi. "Ko ƙusa ban taɓa buga masa ba."

"A ina kake ajiye shi?"

Ya nuna gefen rumbu.

"Ka raina mini hankali ne? Karaban ya shekara a wuri, ciyawa ta tsaya kore shar haka? Mutum ya mutu, Roper. Kai za ka ɗauki laifin?"

Gumi ya karyo masa. "Ranar cinikin aka kawo shi. Terry ya ce in ce nawa ne, ya saya mini giya. Shi ke nan abin da na sani!"

A bayan gidan Terry ta tarar da doguwar shaidar busasshiyar ciyawa mai tsawon karaban, da guntun irin sabon katakon nan jingine da bango. Brenda na falo, ta zo yi masa maganar jana'iza, yana zuba mata shayi.

"Ban taɓa mallakar karaban irin wannan ba," in ji Terry.

Insfekta ta jefa guntun katakon a kan tebur, kofuna suka yi tsalle.

"Roper ya yi magana. Kai ka buga, kai ka duba, kai ka ce garau. Ƙarya nake?"

Terry ya zauna daɓas. "Ruɓa kawai na so in rufe. Kowa ya gani sai ya juya. Malcolm kuwa duk abin da na ce ya yarda. Ban san ramin hita ba ne, Brenda, ban sani ba!"

"Ka tsaya kana ɗaga mana hannu da muka ja shi," in ji Brenda. "Har da cewa mu sha iska lafiya. Azzalumi!"

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi Brenda.

"Don Allah kada ki gaya wa Mama. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Brenda ta ɗauki jakarta.

"Daga nan wurinta na nufa."